Keke Mai Kan Belbela

A lambun Bukit Jalil, bakin tafki, Malam Datti ya fara ganin keken. Ya fito shan iska da hantsi, yana zaune a kan benci yana kallon hankakin garin, baƙaƙe wuluk, babu farin ƙirji irin na gida, sai ga wani ɗan Caina ya taho a guje cikin gajeren wando, yana tura ɗansa a keke mai ƙafa uku. Manyan tayoyi biyu a baya, ɗaya a gaba. Mutumin ya sha kwana bai rage gudu ba, keken ko gezau, yaron yana ta barcinsa. Malam Datti bai san lokacin da ya miƙe ya bi bayansu ba. Sai da ya tsinci kansa a wata ƙofa dabam, ba wadda ya shigo ta cikinta ba, sannan ya tsaya yana haki, ya fara tambayar hanya da hannu.

Kafinta ne shi, mutumin Dambatta. Shekara arba'in da ɗoriya yana sassaƙa allo da kujerar tsuguno da keken koyon tafiya na yara. Ba shi aka shirya zai zo Kuala Lumpur ba. Matarsa Hajjo ce za ta zo jegon 'yarsu Bashira, wadda take karatun digiri na uku a nan tare da mijinta Shafi'u. An yi wa Hajjo fasfo, ta daka yaji, ta ƙulle kanwa da daddawa, ta wanke tsohon majanyin saƙin da ta goya 'ya'yanta da shi, sai Allah ya karɓi abarsa cikin Bashira yana wata biyar. Da aka haihu aka sami mace, aka mayar da sunan Hajjo, ana kiranta Ummi. Bashira ta nace sai uban ya zo ya gan ta. Ya zo da jakar Hajjo yadda ta haɗa ta, ko ƙulli ɗaya bai kwance ba.

Bashira 'yar fari ce. Tun da aka haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba, bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa cin abinci tana kallonsa ba. In zancenta ya kama sai ya ce yarinyar nan, in kuwa da ita yake sai ya ce ke. A Dambatta wannan ba wuya, akwai zaure, akwai rumfar aiki. Amma a nan gidan ɗaki biyu ne da falo a hawa na goma sha tara, duk inda ya juya sai su haɗa ido. Shi ya sa yake wuni a baranda, yana kallon yadda hadari yake taruwa kullum bayan azahar kamar an yi masa alkawari.

Jaririyar ce ta zame musu mafita. Tunda jika ce, kuma mai sunan matarsa, Amarya yake ce mata, ta bakinta kuma yake isar da duk abin da yake so. Sai ya leƙa fuskarta ya ce ta gaya wa mutanen gidan nan shayinsu ya cika sukari. Bashira kuma daga kicin sai ta ce wa Ummi ta gaya wa mijinta likita ne ya hana shi gishiri, ba rowa ake yi masa ba. Haka suka yi sati biyar suna hira, jaririyar tana tsakiya tana barci.

Akwai wani abu da ya riƙe shekara talatin da biyu. Lokacin da aka haifi Bashira, Hajjo ta tafi wanka gidansu a Kazaure, iyayenta suka riƙe ta har yarinyar ta fara kama bango tana miƙewa. Da labari ya iske shi, ya ajiye aikin mutane kwana uku ya yi wa 'yarsa keken koyon tafiya. Na sayarwa yakan yi shi da faɗi, ba kyan gani, sai ƙwari. Wannan kuwa so ya yi ya yi kyau. Ya sassaƙa mariƙin kamar wuyan belbela, da kai da baki, har da ido na kan ƙusa. Ya matse ƙafafun baya kusa da juna don jikin tsuntsuwar ya fito siriri. Kunya ba ta bar shi ya kai da kansa ba. Ya ba wani direban motar Kazaure, ya ce a ce yayarsa Rakiya ce ta gani a kasuwa ta aiko.

Bayan sati biyu ya je gaida surukai. Yana durƙushe a zaure surukinsa yake ba shi labari cewa keken ya kife da yarinyar a dokin ƙofa, haɓarta ta tsage, sai da aka yi ɗinki uku. Tsohon ya ƙara da cewa duk kafintan da ya yi wannan abu ba ya tsoron Allah, ya mayar da 'ya'yan mutane abin gwada ado. Malam Datti ya ce ƙwarai kuwa. Ya sha furar da aka kawo masa ya koma Dambatta. Bai ga yarinyar ba ran nan, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ganin ta tura keken ba. Hajjo ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma haka, har ta koma ga Allah. Tabon yana nan a haɓar Bashira, ɗan fari kamar ƙwayar shinkafa, kuma duk safiya in ta durƙusa ta ajiye masa shayi, a kansa idonsa yake fara sauka.

Tun ranar da ya bi ɗan Cainan nan ya san abin da yake so kafin ya hau jirgi. Ya zaɓi keke mai ƙafa uku wanda ba zai kife ba, ya miƙa mata shi hannu da hannu, ba ta hannun direba ba, ya gaya mata wancan ma shi ya yi.

Dama ana bukatar keken. Tiyata aka yi wa Bashira, likita ya ce ta dakata da goyo, ga shi ta kusa komawa makaranta. Majanyin Hajjo yana rataye a bayan kujera ba a taɓa shi ba. Malam Datti ya sami Shafi'u a hanyar masallaci ya ce masa shi zai sayi keken, kuma shi zai zaɓa, kuma mai ƙafa uku ne. Shafi'u mutum ne mai fara'a, amma yana jin nauyin surukinsa, don haka ya haɗiye dariyarsa har suka shiga gida. Yana shiga ya ce wa Bashira ta shirya, Baba zai saya wa Ummi A Daidaita Sahu.

Kwana biyu bayan Bashira ta yi arba'in suka fita, saura kwana uku ya tafi. Shafi'u ya kira mota ta waya. Bashira ta fito rungume da Ummi, Malam Datti kuma ya fito rungume da wani abu naɗe cikin majanyin Hajjo. Direban, wani Ba'indiye mai furfura, ya waiwayo ya dube su yana murmushi, ya ɗaga yatsu biyu.

"Baba, direba yana yi mana barka da tagwaye," in ji Shafi'u. "Me ke ciki?"

"Shinkafar gidanku ce. Kilo biyar aka rubuta a jiki. Amarya ma kilo biyar aka ce ta yi a asibiti."

Bashira ta sunkuyar da kai, kafaɗarta tana rawa don dariya. Malam Datti ya juya yana kallon taga. A sama wani jirgin ƙasa yana tafiya a kan dogo ɗaya tal, ya bi shi da ido har ya ɓace a bayan gini, yana tunanin me ke riƙe da shi.

Shagon yana wani lungu a bayan Jalan Tuanku Abdul Rahman, tsakanin masu sayar da yadi. Dogo ne, mai ɗan tudu a bakin ƙofa, an jera kekuna dama da hagu, wasu kuma a rataye a sama kamar jemagu. Mai shagon wata 'yar asalin ƙasar ce mai matsakaicin shekaru, da koren hijabi da tabarau a kan hanci. Tana ganin Malam Datti ta ce masa Atuk, ta jawo masa kujera. Shafi'u ya ce kaka ke nan da harshensu. Bai zauna ba. Ya ce a tambaye ta ko za ta yarda ya gwada kayanta yadda ya iya. Ta dubi naɗin da ke hannunsa, ta ɗaga gefen majanyin ta ga buhun shinkafa, ta cire tabarau ta goge ido.

"Boleh, Atuk, boleh." Shafi'u ya ce ta yarda ke nan.

Masu ƙafa uku guda biyar ne a shagon. Ya fara da na farko. Ya kwantar da shinkafar a ciki a hankali, ya ɗaure ta da maɗaurin, har ya gyara mata majanyin. Ya durƙusa a baya ya auna tsakanin tayoyin da taƙi. Ya ɗaga gaban keken ya juya tayar, ya kara kunnensa a jikin mariƙin yana sauraro, idonsa a rufe, kamar mai jiran a kira shi daga nesa. Ya rataya jakar Bashira a mariƙin ya saki hannu, ya ga ko zai tashi ta baya. Daga ƙarshe ya tura shi zuwa ɗan tudun bakin ƙofa, ba kai tsaye ba, a karkace, yadda taya ɗaya za ta riga 'yar'uwarta hawa. Ya ce wa Shafi'u a daidai irin nan ake gane keke, kowane keke mutumin kirki ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Na farko tayarsa tana ƙara kamar gyare. Na biyu ya ɗaga hanci da aka rataya jaka. Na uku ba shi da laifi a wurinsa, amma mai shagon ta ce ba ya kwanciya sosai, jaririya kamar Ummi kuwa sai a kwance take tafiya, sai ya ce ta yi gaskiya, ya ajiye shi. Masu wucewa suka fara tsayawa a bakin ƙofa suna kallon tsoho da babbar riga yana yawo da shinkafa. Shi bai ma san da su ba.

Duk wannan lokacin Bashira tana tsaye kusa da na huɗu. Ruwan toka ne, siriri, mai lanƙwasasshen mariƙi. Mai shagon ta nuna mata yadda ake naɗe shi da hannu ɗaya ya koma kamar lema. Bashira ta gaya wa Shafi'u, da muryar da ta san za ta isa kunnen ubanta, cewa wannan zai shiga lif ɗin gidansu ba tare da an yi faɗa da maƙwabta ba, zai wuce ƙofar tashar jirgi, ita kaɗai ma za ta iya ɗaga shi. Shafi'u ya ce gaskiya ya yi kyau. Na biyar kuwa, wanda ya rage, baƙi ne, ƙato, da tayoyin iska irin na keken yara, a buɗe kamar mai shirin kokawa.

Malam Datti ya zo ya tsaya a kan na huɗun. Shi ma ya ga kyansa, kuma kyan ne ya ba shi tsoro. Mariƙin ya lanƙwaso kamar wuyan tsuntsu. Ya sa shinkafar, ya durƙusa ya auna. Taƙi biyu, da ƙyar. Ya tura shi zuwa tudun a karkace. Tayar hagu ta hau, ta dama ta bar ƙasa kamar faɗin yatsa, shinkafar ta kwanto gefe. Bai kife ba. Mai shagon ta ce ai ba mai hawa tudu a haka. Ya dawo da shi ya sake. Tayar ta sake tashi.

Bashira ta gyara wa Ummi hula ta ce, "Ummi, ce wa mijinki ba gudu za mu riƙa yi da ke ba. Daga gida sai makaranta."

Ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan mariƙin. Ya shirya maganar nan a baranda kwana da kwanaki, da farkonta da ƙarshenta, yanzu duk ta watse. Ya matso kusa da su, fiye da yadda ya taɓa matsowa, ya sunkuya a kan fuskar jaririyar.

"Amarya, ki gaya wa mutanen nan ba za ki hau wannan ba. Ki ce mijinki ya taɓa yin wani siriri kamarsa, don dai ya yi kyau. Ya aika da shi Kazaure da sunan wata. Ya kayar da wata yarinya a dokin ƙofa."

Shafi'u ya dubi wayarsa, wadda ba ta yi ƙara ba, ya kara ta a kunne ya fita waje. Mai shagon ba ta jin Hausa, amma ta koma bayan teburinta ta shiga jera wasu takardu.

Bashira ba ta ɗago ba. Ta kai yatsa ta shafa haɓarta, sannan ta mayar da hannun ƙarƙashin kan jaririyar.

"Ummi, tambaye shi, mai kan belbela?"

Ya ce shi ne.

"Ki ce masa an sani."

Ta ci gaba da magana, idonta a kan Ummi. Ta ce Inna ta gane tun ranar da direba ya sauke shi, don a ƙarƙashin mariƙin akwai tsaga uku, irin waɗanda ke ƙarƙashin kujerar tsugunon da ya yi mata tana amarya. Ta ce bayan an dawo daga ɗinki kaka ya ce a sa keken a murhu, sai yarinyar ta rungume wuyan tsuntsuwar ta dinga ihu har aka ƙyale ta. Inna ta samo dutsen niƙa ƙarami, ta ɗaure shi da tsumma a tsakanin ƙafafun baya, bai sake kifewa ba. Da shi ta koyi tafiya. Ta ce tana aji uku Inna ta ba ta labarin, suna tsinke zogale, ta kuma ja mata kunne kada ta taɓa nuna masa ta sani, mutum ne mai kunya, ranar da ya shirya zai faɗa da bakinsa.

Malam Datti ya nemi kujerar da aka jawo masa tun ɗazu ya zauna. Ya ɗauko shinkafar daga cikin keken ya ɗora a cinya, yana murza bakin majanyin da yatsu. Dutsen niƙa. Shi da yake kafinta bai taɓa tunanin haka ba. Ya tuna shekarun da Hajjo take zaune a kan kujerar nan tana tankaɗe, yana wucewa ta gabanta da sirrinsa, ita kuma tana zaune a kan tsaga ukun. Da ya faɗa bara ma, da ta ji. Da ta yi dariyar nan tata, wadda take rufe baki da gefen mayafi.

Can ya ce, ba tare da ya bi ta kan jaririyar ba, "Yaya take tura shi?"

"Inna ta ce a karkace, kamar ƙaguwa. Tana tafe tana yi wa tsuntsuwar surutu."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Sannan ya miƙe ya nufi baƙin. Taƙi uku babu kaɗan. Tayar ba ta ce komai ba a kunnensa. Jaka ba ta ɗaga shi ba. Ya hau tudun da shi ta hagu, ya hau ta dama, ya hau da baya, tayoyin suna manne da ƙasa. Mai shagon ta zo ta kwantar da mazaunin har ya miƙe sumul kamar gado, ta nuna masa birkin da ake takawa da ƙafa, da wani ɗan maɓalli da yake kulle tayar gaba.

Shafi'u ya dawo, ya dubi keken, ya dubi matarsa. A hankali ya ce anya zai shiga lif. Bashira ta ce in an karkata zai shiga, in bai shiga ba maƙwabta su yi haƙuri. Ya ce to but ɗin mota fa. Mai shagon ta danna wani abu, tayar baya ta fita a hannunta, ta mayar ta ce ƙas. Malam Datti ya sa ta sake yi har sau uku, don abin ya ba shi sha'awa.

Ya kwance majanyin daga jikin shinkafar ya miƙa wa Shafi'u buhun. Ya kaɗe majanyin, ya ninka shi biyu, ya shimfiɗa a cikin keken, ya lallaɓe shi da tafin hannu. Bashira ta kwantar da Ummi a kai ta ɗaure ta. Jaririyar ta yi miƙa, ta juya kai ta kara hanci a jikin saƙin, ta ci gaba da barci. Shi ne riƙe da mariƙin. Ya juya keken, ya tura shi har gaban 'yarsa.

"Ke. Ungo."

Ta sa hannu biyu ta kama. Sai da ya ji nauyin hannunta ya sauka a kan ƙarfen sannan ya saki.

A waje hadarin ya riga ya haɗu, masu yadi suna ta janye kayansu daga bakin titi. Shafi'u ya ce su jira ruwan ya wuce kafin ya kira mota. Malam Datti ya bar su a bakin ƙofa. Ya taka har ƙarshen shagon, wajen da aka jingine katifun jarirai, ya juyo. Ya tattare babbar rigarsa, ya dafa gwiwa, ya tsuguna a ƙasa, ƙasusuwansa suna ƙara. Ya miƙa hannuwansa biyu gaba.

Bashira ta dube shi daga wancan ƙarshen. Ta taka birkin ya saki. Ta fara tahowa a hankali, don ɗinkin bai gama sakinta ba, tana ɗan jingina nauyinta a kan mariƙin, ƙafa ɗaya sannan ɗaya. Ruwan ya sauko a kan rufin kwanon lungun. Malam Datti yana tafa hannu a hankali yadda ba zai tashi mai barci ba, bakinsa yana cewa tatata, tatata, idonsa a kanta har tayar gaba ta zo ta taɓa gwiwarsa.